Tsaya wa Ɗan Kaso da Ɗan Ƙaramar Ƙabila: Sharhi Kan Aikin da Ake Yi wa Mummunar Fahimta a Karkarar Maraɗi

A karkarar jihar Maraɗi, daga Tasawa zuwa Mayahi har ƙauyukan ƙaramar hukumar El Alasan Mairairai, masu tsaya wa 'yan kaso da 'yan ƙananan ƙabilu suna shan zargi iri biyu. Idan aka ga mutum yana kai da kawowa tsakanin gidan kaso da kotu a kan maganar wanda ake tuhuma da satar akuya, sai a ce yana ɗaure wa ɓarayi gindi. Idan kuma wata ƙungiya ta yi magana a kan burtalin da gonaki suka cinye, sai a ce tana hura wutar ƙabilanci. Masu faɗar haka ba duka ne mugaye ba. Wanda aka yi wa sata, da wanda shanu suka cinye masa hatsi ana gab da girbi, suna da haƙƙin su tambayi dalilin da ya sa ake kula da wanda suke zargi. Abin da nake so in nuna shi ne cewa aikin nan ba neman a saki mai laifi ba ne, ba kuma fifita wata ƙabila ba ne. Aikin isar da dokar da ƙasa ta riga ta rubuta ne ga mutumin da ya fi kowa nisa da ita, kuma a halin da Nijar take ciki yau, nauyinsa ya dawo wuyan mutanen gida.

Ma'anar kalmomin

Kaso kalma ce da Hausar Nijar ta aro daga Faransanci, ita ce kurkuku ko gidan yari. Mazauna gidan kaso kashi biyu ne, kuma rashin rarrabe su shi ne tushen ruɗanin. Akwai wanda alƙali ya saurari shari'arsa ya yanke masa hukunci. Akwai kuma mai jiran shari'a, wanda aka ajiye kafin a gama bincike, wanda a idon doka ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Kafin a kai ga kaso akwai tsarewar bincike a hannun jandarma ko 'yan sanda, wadda a laifuffuka na yau da kullum doka ta ƙayyade ta a awa 48, da damar a ƙara sau ɗaya da izinin mai gabatar da ƙara.

Ƙaramar ƙabila kuwa ƙanƙantarta a yawan jama'a take, ba a daraja ba. Ƙidayar 2001 ta nuna Hausawa sun kai kusan kashi 55 cikin ɗari na mutanen Nijar, Zabarmawa kashi 21, Abzinawa kusan kashi 9, Fulani wajen kashi 8 da rabi. A gundumomin Mayahi da Tasawa Hausawa manoma ne ke da rinjaye mai yawa, sai Fulani da Abzinawa, waɗanda a nan aka fi kira Buzaye. Amma rinjaye yana sauyawa da wuri: Bahaushen da ke fatauci a wasu ƙauyukan Difa ko na Tillaberi shi ne ɗan ƙaramar ƙabila a can. A cikin wannan rukuni ya kamata a lissafa da waɗanda ake yi wa gorin asalin bauta, domin raunin da suke fama da shi a gaban hukuma iri ɗaya ne.

Tsayawa, ko kare haƙƙi, hawa uku gare ta: a yi wa mutum bayanin abin da doka ta ba shi, a raka shi inda ake yanke maganarsa, a kuma kai kukan jama'a ga masu iko idan an ga matsalar tana maimaituwa. Lauya yana yin wannan a gaban alƙali. Mai taimakon shari'a, wanda ake kira parajuris, ba lauya ba ne. Mutumin gari ne da aka horar don ya san hanyoyin kotu, ya bi takardu, ya haɗa mutum da wanda ya dace. Jagoranci kuwa, ko riƙon hannu, shi ne babba mai sana'a ko mai mutunci ya ɗauki wanda ya fito daga kaso, ko matashin da ke neman ɓata, ya riƙa bibiyar rayuwarsa na tsawon lokaci har ya tsaya da ƙafarsa.

Doka tana nan, isowarta ce ke wuya

Ba za a ce Nijar ba ta da dokoki a wannan fanni ba. A watan Disamba 2011 aka kafa hukumar ƙasa ta taimakon shari'a, ANAJJ, don ta ba marasa hali shawara da mai kare su kyauta, tare da ofisoshi a manyan kotunan jihohi. A watan Maris 2017 aka fitar da dokar da ta tsara yadda za a tafiyar da gidajen kaso, da wata da ta ba alƙali damar yanke wa mai ƙaramin laifi hukuncin aikin amfanin jama'a a maimakon ɗauri. Dokar tsarin shari'ar laifuka ta sa wa zaman jiran shari'a iyaka, wata 6 a ƙananan laifuka da wata 18 a manya, tare da damar ƙari sau ɗaya. A fannin ƙasa da kiwo, dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, waɗanda daga baya suka bazu daga matakin gunduma har na ƙauye, sannan dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi wanda hukuma za ta kare.

Duk da haka, alƙaluman da aka riƙa fitarwa shekara da shekaru sun nuna fiye da rabin mazauna gidajen kason Nijar masu jiran shari'a ne. Dalilan a bayyane suke. Kusan dukkan lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune, shi ya sa ma aka yarda a naɗa waɗanda ba lauyoyi ba, kamar malaman makaranta da ma'aikatan jin daɗin jama'a, su kare waɗanda ake tuhuma a kotunan jihohi. Alƙalai ba su da yawa a kan jama'ar da ke ƙaruwa da sauri. Jihar Maraɗi kaɗai ta haura mutum miliyan 3 da dubu 400 a ƙidayar 2012. Ƙananan kotuna suna cibiyoyin gundumomi irin su Mayahi da Tasawa, babbar kotu tana Maraɗi, kuma mutumin ƙauye yana iya kashe kuɗin yini biyu ko uku a kan babur da mota kafin ya je ya ji an ɗage zama. Takardar ƙara ba ta tafiya da kanta. Wadda ake yawan tambayar ta tana motsi, wadda ba mai tambaya tana kwana a ƙasan tari. Sakamakon haka shi ne cunkoso, kuma tarihin ƙasar ya nuna inda cunkoso da sakaci ke kaiwa: a 1999 'yan kaso 29 suka mutu a dare ɗaya a gidan kason Yamai saboda rashin iska a ɗakin da aka cusa su.

Inda rauni biyu ke haɗuwa

El Alasan Mairairai tana arewacin gundumar Mayahi, a yankin da noman damina ke sassautawa yana haɗuwa da ƙasar kiwo. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, amma yawan jama'a da ƙarancin fili sun sa gonaki sun yi ta hawa, suna matse burtali da mashaya da hurumin kiwo. Lokacin da ya fi haɗari shi ne kaka, sa'ad da garkuna ke gangarowa kudu kafin hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki. Doka ta ce rigimar ɓarnar gona a fara kai ta gaban sarakunan gargajiya don sulhu, a ƙiyasta ɓarnar, a biya diyya, a rubuta takardar sulhu. Idan wannan mataki ya yi aiki, magana ta mutu a nan. Idan ya gaza, ko aka tsallake shi, sai sanda da adda su fito, abin da ya fara a matsayin bashin damin hatsi ya koma shari'ar rauni ko ta kisa.

A nan ne za a ga dalilin da ya sa ake haɗa maganar ƙananan ƙabilu da ta 'yan kaso. Alƙalin da zai ba da beli yana duba ko wanda ake tuhuma yana da tsayayyen mazauni da wanda zai tsaya masa. Manomi yana da gida da mai gari da ya san kakanninsa. Makiyayin da ke kan hanya, wanda shugaban rukuninsa yake wata gunduma, wanda wataƙila ba shi da takardar haihuwa, da wuya ya cika wannan sharaɗi ko da tuhumarsu ɗaya da manomin. Takardar bincike da Faransanci ake rubuta ta, mutum ya dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba. Magidanta da yawa a cikin Fulani da Buzaye suna jin Hausa, amma jin Hausar kasuwa daban, fahimtar tambayar da amsarta za ta iya ɗaure mutum daban, balle mata da yara da suka tashi a ruga ba su jin komai sai Fulatanci ko Tamajak. Sannan a gidajen kason ƙasar nan abinci da magani na hukuma ba sa wadatarwa, dangi ne ke cike gurbi. Wanda danginsa suka bi dabbobi suka yi nisa, kwanonsa ba ya zuwa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar alƙali mai son kai kafin ya yi illa. Tsarin ne aka gina da zaunannen mutum a zuci.

Jihar Maraɗi ta san ƙarshen wannan hanya. A watan Oktoba 1991, ana tsakiyar Babban Taron Ƙasa a Yamai, aka kashe Fulani fiye da 100 a Toda, yankin Gidan Runji, akasarinsu mata da yara, a rikicin da ya samo asali daga saɓanin manoma da makiyaya. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, wadda aka kafa a 1990, sun shafe shekaru suna fafutuka kafin a samu dokar kiwo ta 2010. Wannan shi ne hawa na uku na tsayawa, kuma amfaninsa bai tsaya kan makiyayi ba, domin burtalin da aka shata aka kafa masa alamomi shi ne ke kare gonar da ke gefensa.

Shari'ar Hadijatu Mani ta nuna yadda raunin asali ke kai mutum kaso, da yadda mai tsayawa ke juya al'amari. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan sefa jaka 240, a yankin Birnin Ƙonni. Bayan an ba ta takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai tsohon ubangidanta ya kai ƙara cewa matarsa ce, kotu ta yanke mata ɗaurin wata 6 da laifin aure kan aure. Wannan ya faru ne alhali tun 2003 dokar Nijar ta mai da bautarwa babban laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Dokar tana nan, amma wadda aka bautar ce ta shiga kaso. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, da abokan aikinta ne suka riƙe maganar har kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Abin da masu suka ke cewa

Suka ta farko ita ce an manta da wanda aka cuta. Tana da nauyi, kuma duk mai tsayawar da bai damu da diyyar manomi ko ta wanda aka sace wa dabba ba, aikinsa ragagge ne. Sai dai jinkirin shari'a ba ya amfanar wanda aka cuta. Muddin wanda ake tuhuma yana zaune a kaso ba hukunci, ba a mayar da dabba ba, ba a biya hatsi ba, shaidu suna watsewa, kuma idan ba shi ne ya yi ba, mai laifin na gaskiya yana yawonsa. Mai bin takarda har a yi zama yana yi wa ɓangarorin biyu aiki.

Suka ta biyu ita ce duk 'yan ƙasa ɗaya ne, kuma talakan Bahaushe ma yana ruɓewa a kaso ba mai tambayarsa. Gaskiya ne, shi ya sa bai kamata a buɗe ƙofar taimako ga wata ƙabila a rufe wa wata ba. Ma'aunin shi ne rauni: rashin kuɗi, rashin harshe, rashin takarda, nisan dangi. Amma wanda ya auna da wannan ma'auni da gaskiya zai tarar akwai mutanen da waɗannan abubuwa huɗu suka taru a kansu lokaci guda, kuma ƙin ambaton hakan ba ya kawar da shi. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, nauyi ya ƙaru a kan masu jin ta su tabbatar cewa wanda ba ita ce harshen uwarsa ba ya samu tafinta mai amana.

Suka ta uku ita ce wannan aƙidar Turawa ce da ƙungiyoyin waje suka shigo da ita. Lalle akwai ƙa'idojin duniya, kamar ƙa'idoji 122 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, da sanarwar Kampala ta 1996 da ta Lilongwe ta 2004 waɗanda 'yan Afirka suka tsara. Amma maganar ta girme su. Suratul Insan ta lissafa ciyar da kamamme tare da ciyar da miskini da maraya a cikin halayen mutanen kirki. Alƙali Abu Yusuf, a littafinsa na haraji da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid, ya nemi a ciyar da 'yan kurkuku a tufatar da su daga baitulmali, a kuma riƙa duba shari'unsu ba tare da jinkiri ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Maraɗi da Tasawa sun ce sabon alƙali ya fara da duba lamarin waɗanda ke tsare.

Suka ta huɗu ita ce ta tsaro. Yankunan Madarumfa da Gidan Runji sun sha fama da masu satar mutane da shanu a kan iyaka da Katsina da Zamfara da Sakkwato, kuma tun 2019 dubban 'yan gudun hijira suka shigo jihar. Wasu na ganin a irin wannan hali bin ƙa'ida ɓata lokaci ne. Amma makiyaya suna cikin waɗanda ɓarayin daji suka fi yi wa ɓarna, kuma su ne suka fi kowa sanin daji. Idan aka ɗora laifin 'yan tsiraru a kan ƙabila gaba ɗaya, bakin da zai ba jami'an tsaro labari sai ya rufe, matashin da aka tsare a kan zato kuma ya fito da ƙullin da masu ɗaukar mayaƙa ke nema.

Bayan an buɗe ƙofa

Ranar fita ba ita ce ƙarshen hukunci ba. Sau da yawa mutum yana tarar an jinginar da gonarsa ko an sayar da dabbobinsa wajen bin shari'a, aure ya yi rauni, sunan tsohon ɗan kaso kuma ya riga shi isa kasuwa. Wanda ba shi da jari, ba mai ba shi bashi, ba mai ɗaukarsa aiki, abokan da ya yi a ciki ne kaɗai za su karɓe shi. Hukuma tana da cibiyar gyaran matasa a Dakoro, akwai kuma ƙungiyoyi masu koya wa yara sana'a a wasu gidajen kaso, amma cibiya ba ta bin mutum har ƙauyensu. Abin da ke bin sa shi ne mai riƙon hannu, kuma ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan ba ce. Tela da maƙeri da kafinta da mai gyaran babur duk a hannun ubangida suka koyi sana'a, shi ne ke ciyar da yaro, ya tsawata masa, ya tsaya masa ranar neman aure. Fulani suna da al'adar habbanaye, inda ake ba wanda ya rasa dabba aron mace ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. A ƙasar da ake ji da jar akuyar Maraɗi, da sana'ar kaba a kwarin Gulbin Kaba, waɗannan hanyoyi sun fi kowane tsari na ofis sauƙin kuɗi. Abin da ya rage shi ne a tsara su: a san wa ya ɗauki wa, a taimaka masa da kayan aiki, liman da mai gari ko arɗo su zama shaidu.

Abin da zai iya biyowa

Ƙofofin waje da aka saba dogara da su sun ragu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da kundin tsarin mulkin 2010. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta tabbata, abin da ke nufin hanyar da Hadijatu ta bi ba ta buɗe ga mai sabuwar ƙara ba. A shekarar 2025 ɗin kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, wadda ke ziyartar wuraren tsare mutane, ta rufe ofisoshinta a ƙasar bisa umarnin hukumomi. Ko mutum yana goyon bayan waɗannan matakai ko ba ya yi, sakamakonsu a wannan fanni ɗaya ne: ƙasar da ta zaɓi dogaro da kanta dole ta samar da masu sa ido daga cikinta.

Wannan ba abu ne mai tsada ba. A Malawi tun 2000 masu taimakon shari'a ke shiga gidajen yari suna tantance waɗanda wa'adin tsare su ya wuce, suna miƙa wa alƙalai, har wasu ƙasashen Afirka suka kwaikwayi tsarin. Ƙananan hukumomi takwas na gundumar Mayahi da bakwai na Tasawa za su iya samun mutum biyu kowacce, namiji da mace, ɗayansu mai jin Fulatanci ko Tamajak, masu alaƙa da ofishin ANAJJ na Maraɗi. A ba kwamitocin Kofo kuɗin aiki kafin kaka, da wakilcin makiyaya na gaske. Alƙalai su yi amfani da hukuncin aikin amfanin jama'a, shugabannin ƙananan hukumomi kuma su tanadi wuraren da za a yi shi. Masu fitar da zakka su tuna da ɗan kason da ba a kawo masa kwano.

Idan aka yi haka, alamun nasara abubuwa ne da za a iya ƙirgawa: yawan waɗanda suka wuce wa'adin jiran shari'a, yawan rigingimun gona da suka ƙare a takardar sulhu, da yawan waɗanda suka fita ba su koma ba. Idan aka bari, gidajen kaso za su ci gaba da cika da waɗanda ba a yanke wa hukunci ba, kuma kowane ɓangare zai ƙara gaskata cewa sanda ta fi kotu sauri. Hausawa, da yake su ne masu rinjaye a wannan yanki, su ne suka fi iko da zaɓen wanda zai faru a cikin biyun.